Tagar Gidan Ƙarshe

Jama'a, na ga saƙonninku. Wata ta ce ina ja wa bawan Allah rai, wata ta ce in ba na so in ba ta lambarsa. Ke mai neman lamba, bari ki ji abin da ya faru ranar da ya kai ni ganin gidan tukuna, sai mu yi magana.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce auta a ɗakin Innarmu, kuma Auta kowa yake ce min har yanzu da na yi aure na dawo gida. Mijina ya rasu. Dogo ake ce masa, matuƙin jirgin ruwa ne, irin mai injin nan da ke ɗauko yashi da katako. Wata damina kogi ya cika, jirgin ya kife a kwana, waɗanda suke tare da shi suka fito, shi bai fito ba. An nema har an gaji. Ban ga an ɗauke shi ba, ba ni da wurin da zan nuna in ce nan yake kwance. Aka ce in zauna takaba, na zauna.

Da na fita sai na nemi aiki a gidajen hutun da aka gina a bakin kogin, ina gyaran ɗakuna: in cire zanen gado in shimfiɗa wani, in jera tawul, in goge gilashi. Inna ta yi murna, ta ce yarinya ta fara mantawa. Ba ta san dalilina ba. Daga ƙarshen filin ana hango kwanar. Kullum in an ba mu hutun cin abinci sai in bar abokan aikina suna hira, in taka har can in tsaya. Ba kuka nake yi ba. Tsayuwa kawai, kamar mai jiran mota.

Sai ga shi da rani aka zo aka kewaye ƙarshen filin da kwano, aka ce gini za a yi. Tun ranar ban ƙara samun natsuwa ba. In zauna in tashi, in ɗauki tsintsiya in ajiye, in manta abin da ya shigo da ni ɗaki.

Gidajen nan ban taɓa ganin irinsu ba. Ba a ƙasa suke zaune ba, a kan ginshiƙan kankare suke tsaye kamar zalɓe, don in ruwa ya taso ya bi ta ƙarƙashi ya wuce abinsa. Babu katanga. Bangon da ke kallon kogi gilashi ne daga ƙasa har sama, sauran kuwa siminti ne tsirara, ko fenti babu, har kana ganin sawun katakon da aka zuba shi a ciki. A saman rufi an shuka ciyawa. Gadar katako ce take bi daga wannan gida zuwa wancan. Ranar da na nuna wa Inna hoto a waya ta daɗe tana juya shi, sannan ta ce, “Yaushe za su gama?”

Na ce, “An gama, Inna, har mutane sun tare.”

Ta ce, “Allah sarki, ko labule babu. To a ina suke sosa ƙaiƙayi?”

Wanda ya zana gidajen shi ne mutumin da muke magana a kansa, mai neman aurena. Leburori suka sa masa Mai Fensir, don kullum akwai ɗaya a bayan kunnensa, wani lokaci ya manta ya ɗora wani a ɗaya kunnen. Ba yaro ba ne, furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Yana da wata kujera mai naɗewa da yake yawo da ita. Kafin ya ja layi sai ya kafa ta ya zauna, yau nan gobe can, yana kallon inda inuwa ke faɗuwa da inda iska ke bi. Ko hanya ba ya zanawa sai ya ga inda ƙafafun mutane suka riga suka kashe ciyawa, sannan ya sa a shimfiɗa dutse a wurin. Mutum ne mai kallo, ba mai tambaya ba. Ya san mijina ya rasu, amma bai san ta yaya ba. Shi bai tambaya ba, ni kuma yayata ta hana ni faɗa.

Ranar da safe ina ninke kaya saƙonsa ya shigo. “Ina kwana, Auta. Anjima zan zo in ɗauke ki, akwai abin da zan nuna miki. Ki sa takalmi mara tsini, akwai hawa tsani.”

Ban gama karantawa ba Yaya ta warce wayar. Yayata ce da nake bi, gidan mijinta na bayan layinmu, amma tun da aka fara maganar auren nan a ɗakin Inna take wuni.

“Gida ne! Wallahi gida zai nuna miki!” Ta juya ta kalli doguwar rigata ruwan toka da na rataye a ƙofa. “Wannan za ki sa? Gaisuwar mara lafiya za ki?”

Ta zazzage jakarta a kan gado. Riga ruwan zuma mai duwatsu a wuya, mayafi shara-shara, sarƙa siririya, da takalmi mai tsinin da in ka taka tururuwa da shi sai ta huje.

Na ce, “Yaya, ya ce mara tsini.”

“Shi namiji ne, me ya sani? In kin yi tangal-tangal ya riƙe ki, ai riba ce.”

Ta zaunar da ni tana goga min hoda, bakinta bai huta ba. “Ki saurare ni da kyau. In ya ce kogi ya yi kyau, ki ce ya yi kyau. In ya ce iska na da daɗi, ki ce da daɗi. Namiji zai auri wadda mijinta ya mutu, wannan ba komai ba ne. Amma wadda har yau take jiran miji ya fito daga ruwa, ba mai ɗaukarta.”

“Ni na ce miki jira nake?”

“To me takalminsa yake yi a ƙarƙashin gadonki, kina goge shi kamar gobe zai sa?”

Inna da ke bakin ƙofa tana tsinke ganye ta ce, “Ke, bar ta haka.” Sannan ta ƙara, ba tare da ta ɗago ba. “Auta, ni dai na tsufa. So nake in rufe ido na san akwai mai tambayarki ko kin ci abinci. Kawunku ya ce ƙarshen makon nan dangin mutumin za su zo neman aurenki. Kar ki ba ni kunya, kar kuma ki cuci kanki.”

Maganar Yaya duka ba ta taɓa ni ba kamar wannan. Inna in ta yi magana a hankali, ta fi mari zafi.

Ya zo da motarsa mai cike da takardu a nannaɗe, hular kwano tana gangarawa a kujerar baya. Ya kalli ƙafata ya kalle ni, ya danne dariya.

“Saƙona bai iso ba ne?”

“Ya iso. Hannun Yaya ya faɗa.”

“To, Allah ya jiƙan tsanina.”

Na yi dariya, kuma ba ta dole ba ce. Ina so ku riƙe wannan, don kar wata ta ce ba na son sa. Ina son zaman motar nan. Ina son yadda yake rage gudu in ya ga rami tun kafin in riƙe ƙofa. Amma hannuna bai bar murza bakin mayafi ba har muka isa.

Muna bin gadar katako takalmina na ƙwas-ƙwas yana maƙalewa a tsakanin katakai, sai 'Yar Fara ta hango mu daga barandar wani gida, da tsumman goge gilashi a kafaɗa. Abokiyar aikina ce, ita kaɗai ta san labarina a wurin.

“Iye! Yau manya ne a gari! Hajiya, a tuna da mu in an shiga gilashi, mu ne masu gogewa!”

Na ɗaga mata hannu ina hararar wasa. Amma da ta ga mun wuce gidajen duka mun nufi wajen kwanon nan, sai dariyarta ta ɗauke.

Ya ture wani kwano ya ce, “Bismillah.”

Gida ne ƙarami a kan ginshiƙai, bai kai sauran girma ba. Ya ce masu wurin ne suka bar masa wannan kusurwar ya gina nasa. Ba a gama matakala ba, tsanin ƙarfe aka jingina. Na cire takalman Yaya na riƙe a hannu, na tattare rigata na hau, shi yana riƙe da tsanin yana kallon gefe.

Ciki warin ɗanyen siminti da sabon katako. Ya shiga gaba yana nuna min, yana ɗoki kamar yaro ya zo da sakamakon jarrabawa.

“Nan kicin. Kin ga kantocin? Na sauko da su. Na sha ganinki a gidajen can kina ɗage kina neman kofi.”

Na miƙa hannu, ya kai har kantar sama ba tare da na ɗaga dunduniya ba.

“Nan tsakar gida.” Wani fili ne a tsakiyar ginin, sama a buɗe, bango ta ko'ina. “Ba mai ganinki sai tsuntsu. Ki cire mayafi, ki shanya kayanki, ki sha iska. Wannan kuma ɗakin Inna ne in ta zo. Ba za ta hau matakala ba, gangara zan yi mata ta baya. Taga ƙarama, ƙofa ta katako mai sakata, labule har biyu. Na ji an ce tana neman wurin sosa ƙaiƙayi.”

Na rufe baki da mayafi. “'Yar Fara ce ta faɗa maka! Zan gamu da ita.”

Jama'a, ban taɓa sanin ana iya son mutum da tsayin kantar kicin da faɗin taga ba. Dogo ya so ni da baki da dariya da ɗaukata a keke. Wannan da ma'auni yake so na. Idona ya ciko, na ce a raina, Auta, ki yi shiru ki karɓi abin da Allah ya ba ki.

Sai ya ce, “Saura ɗaya. Rufe idonki.”

Na rufe. Na bi muryarsa, simintin na da sanyi a tafin ƙafata. Na ji iska ta bugi fuskata tun kafin ya ce in buɗe.

Ɗakin kwana ne. Bangon gaba babu shi gaba ɗaya, wani ƙaton fili ne a buɗe yana jiran gilashi. Sauran gidajen duka kogin suke kallo kai tsaye, wannan kuwa an karkata shi, ya juya kafaɗa. Kwanar yake kallo. Ga bishiyar nan da ta sunkuya cikin ruwa, ga dutsen da ruwa ke zagayewa yana kumfa, ga inda aka ce jirgin ya kife. Ban taɓa ganinta kusa haka ba, kamar an ɗauko ta an ajiye min a cinya.

Ya ce, “Leƙa ƙasa.”

Na leƙa. A ƙarƙashin ɗakin, tsakanin ginshiƙai biyu, an kafa 'yan sanduna an zagaye wani ɗan wuri da igiya. Ƙasa ce tsirara, ciyawa ba ta fito ba.

“Ranar da na fara kawo kujerata nan na ga wurin,” in ji shi. “Hanya ba ta bi ta nan ba, ba mai ɗibar ruwa, ba mai kamun kifi. Na ce wane ne yake zuwa ya tsaya kawai har ƙasa ta san ƙafarsa? Washegari da rana sai ga ki. Rana ta uku ma haka. Da kin tafi sai in je in tsaya a sawunki in kalli inda kike kallo. Na ce lallai matar nan tana son kogin nan fiye da duk masu sayen gidajen. Na hana leburori taka wurin. Can duka na zana wa mutanen da ban sani ba, Auta. Wannan ke kika zaɓi inda zai kalla.” Ya taka zuwa tsakiyar ɗakin ya buɗe hannuwa. “Gado a nan. Kina buɗe ido da safe, abin da za ki fara gani ke nan, har ƙarshen rayuwarmu.”

Saƙo ya shigo wayata. Yaya ce. “Ya ake ciki? Ki yi murmushi. Ki ce ya yi kyau.”

Na ce, “Ya yi kyau.”

Ya daɗe yana kallona. “Bakinki ya faɗa. Ƙafarki kuma baya take ja.”

Na duba, ashe har na kai bango. Takalman Yaya suka zame daga hannuna suka faɗi. Na tuna fuskar Inna a bakin ƙofa, na tuna Kawu da baƙinsa, na ce in haɗiye maganar. Ta ƙi haɗiyuwa.

“Ba son kogin nake ba,” na ce. “Mijina yana ciki.”

Bai gane ba da farko. Na nuna masa kwanar da yatsa. Na faɗa masa jirgin, da yashin, da daminar, da mutanen da suka fito suna ɗigar ruwa suka kasa haɗa ido da ni. Na faɗa masa ba a same shi ba. Na ce aikin nan ma don kwanar na nema, kuma tun da aka kafa kwanon nan ban yi barcin kirki ba, ina tsine wa mai ginin a zuciyata ban san shi ne ba.

Ya ce, “Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.” Ya zare fensirin daga kunnensa ya sa a aljihu, ya zauna a kan buhun siminti da fararen kayansa. “Ashe a kan kabarin mutum na kafa gadona.”

“Ba ka sani ba.”

“Me ya sa ba ki faɗa min ba?”

“Ba ka tambaya ba.”

“Ban iya tambaya ba, Auta. Kallo na iya. Da shi nake cin abinci, kuma bai taɓa kayar da ni irin yau ba.” Ya shafa fuskarsa da hannu biyu, ya tashi ya je bakin filin yana auna shi da ido, don shi ko a cikin tashin hankali aiki yake gani. “Ba a sa gilashin ba tukuna, gobe za su kawo. Zan ce su bari. A kawo bulo a toshe nan gaba ɗaya, in buɗe miki taga ta wajen bishiyoyi. Ba za ki ƙara ganin wurin nan ba.”

Ku faɗa min, ba wannan ce amsar da kowace mace mai hankali za ta karɓa da hannu biyu ba?

“A'a!”

Ban san lokacin da ta fita ba. Sai ganina na yi a bakin filin, na riƙe gefen bangon kamar yanzu za a ƙwace min shi, simintin yana kankare min tafin hannu. Ya kalli hannun, ya kalle ni.

“Toshewa ba kya so.”

“Wata da watanni an rufe min shi. Yau na gan shi, ka ce a sake rufewa?”

“To in an bar shi a buɗe fa? In farka da safe in ga bayanki, ke kina kallon wani.” Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da na fi jin sauƙi. “Da mai rai ne, sai in ce ga ni ga shi, ki zaɓa. Wanda ke cikin ruwa ta ina zan fara?”

“Ban ce ba na son ka ba.”

“Na sani. Shi ya sa abin ya yi min nauyi.”

Ya ciro waya ya kira mai gilashi. Na ji yana cewa kar su zo gobe. Mutumin ya yi wata tambaya, ya ce a'a, bulo ma kar a kawo, a bar shi yadda yake. Ya kashe ya juyo.

“Tambaya ɗaya zan yi miki, tunda yau na koyi tambaya. In wata rana muna zaune a ɗakin nan, jirgi ya fito daga kwanar can ya tsaya a ƙarƙashinmu, kika ga shi ne a ciki, za ki sauka?”

Na buɗe baki in ce a'a. Wallahi na buɗe. Na san Dogo ba zai dawo ba, ba mahaukaciya ba ce ni. Sai ƙarar inji ta taso daga kwanar, tuk-tuk-tuk, jirgin yashi ne irin wanda ke wucewa kullum. Na san ba shi ba ne. Amma wuyana ya juya kafin in hana shi, idona ya bi mutanen cikin jirgin ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda ya fi tsayi.

Da na juyo, ya riga ya ga amsarsa.

Wayata ta sake ɗaukar ƙara, wannan karon kira ne. Na ɗaga don ban san me zan yi da hannuna ba. Muryar Yaya ta cika ɗakin da babu komai a cikinsa. “Ke Auta, kin bar mu a tsaye! Ga Kawu nan ya zo da kansa, yana tambaya ranar tana nan ko? Ɗaki nawa ne? Kin yi murmushin?”

Ya miƙo hannu, na ba shi.

“Yaya, ina wuni. Ni ne.” Na ji ta sauya murya tana gaishe shi har da dariya. Ya jira ta gama. “Ki ba Kawu da Inna haƙuri, a ɗaga zuwan nan. A'a, ba fasawa na yi ba, kuma ba laifin da ta yi. Akwai wanda ya riga ni ne. Ba zan turo kowa ba sai na ji ta sallame shi da bakinta.”

Ya mayar min da wayar, Yaya tana ta kwaɗa kiran sunana a ciki, tana tambaya wane ne, wane ɗan iskan ne ya riga shi. Bayan muryarta ina jin Inna tana cewa a ba ta ni.

Na sa wayar a kunne. Inna ta ce, “Auta, faɗa masa kika yi?”

Na ce, “E, Inna.”

Sannan ta ce, “To ki sallame shin mana, 'yar nan.”

Na ce, “Inna, ta ina ake sallamar wanda bai dawo ba?”

Numfashinta kawai nake ji a wayar.